Ƙaryata ce ta karya hannun maƙeri

Edita, ina gaishe ka, ina gaishe da masu karatu. Ba zan faɗi sunan kowa ba a wannan takarda, har nawa. A shekarun da nake magana a kai, ni ne mutumin da ya fi kowa ji da kansa a wani ƙauye na ƙasar Tabotaki. Ina da shekara talatin da ’yan kai, mata ɗaya, ’ya’ya uku, ga wata tsohuwar mota da na saya da abin da na samo a bida, wato ci-rani. Shekara bakwai na yi a Abijan, biyar daga ciki a wani gareji. Abin da ban taɓa gaya wa mutanen gida ba shi ne, aikina a garejin nan bai wuce wanke ƙarafa da man gazuwal da miƙa wa masu aiki kile na kwance noti ba. Na ga ana yin abubuwa da yawa, amma kaɗan ne na taɓa yi da hannuna. Da na dawo gida da mota aka fara kirana makanike, ni kuwa ban gyara wa kowa zancen ba. Daɗi ma nake ji in kwanta ƙarƙashin mota a ƙofar gida, mutane su kewaye ni suna kallo, in fito hannu baƙi ƙirin ina ambaton sunayen ƙarafa da Faransanci.

Ranakun kasuwa ina ɗaukar mutane da kaya zuwa Madawa, wata rana Buza, wata rana Ibohamane. Wanda ya san hanyoyinmu ya san yadda suke cin mota: ka hau dutse, ka bi fako, ka gangara kwari, babu inda taya ke hutawa. Bayan kaka sai ƙafar gaba ta dama ta fara ƙwanƙwasa, in na faɗa rami motar ta yi ta rawa kamar ba za ta tsaya ba. Na duba na ga amortisa ta zubar da manta. Ga wanda bai sani ba, amortisa ita ce ƙarfen da ke shanye girgizar hanya, kuma a irin motata tana zaune ne cikin rasor, wani murɗaɗɗen ƙarfe mai kaurin babban yatsa wanda ke ɗauke da nauyin motar. Rasor ɗin nan a matse yake zaune kullum. Ba a iya raba shi da amortisa sai an ƙara matse shi da wani kayan aiki na musamman, sannan a kwance notin da ke sama. Na sayi amortisa ta hannu a Madawa, na je wurin wani mai gareji da ke da wannan matsi, na ce ya ara mini. Ya ce ba ya ba da aronsa, domin abu ne da ke kashe mutum, amma in na kawo motar zai canza mini kafin azahar. Na ji kamar ya zage ni. In kai motata wani ya gyara, a ji a gari? Na zagaye masu sayar da kayan mota rumfa-rumfa, babu mai shi. Ɗaya ya ce zai iya aikawa a kawo daga Sakkwato, amma sai na jira mako biyu. Ban iya jira ba.

A nan na tuna da wani maƙeri da ke zama a kasuwar Ibohamane. Dattijo ne mai kimanin shekara hamsin, siriri, ba ya da yawan magana. Hauya da gatari da wuƙa yake ƙerawa, amma ya samu injin walda, har amalanke yake gyarawa. Mutanensu na cikin waɗanda kakanninsu suka zauna ƙarƙashin makiyayan arewa, kuma har yau akwai masu ɗaga musu hanci a yankinmu. Na faɗi wannan ne domin yana da muhimmanci a abin da ya biyo baya. Na zana masa abin a ƙasa da tsinke: sanda biyu masu murɗi, kowace da ƙugiya biyu da za su kama rasor, in ana juya noti su matso da juna. Ya daɗe yana kallon zanen, ya tambaye ni nauyin da abin zai riƙe, na ce ai ba wani abu ba ne. Ya girgiza kai, ya ce ƙarfen da ke ɗauke da mota da mutanen cikinta ba za a ce masa ba wani abu ba. Shi ne ya kawo shawarar a ciro sandunan daga matattun kirik biyu na ɗaga mota, domin an yi su ne don nauyi, ƙugiyoyin kuma a ƙera su daga karyayyen lam, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin babbar mota. Ya ce in kawo masa rasor ɗin ya gwada. Na ce mota na aiki, ba zan kwance ta ba, na miƙa masa wani guntun kara da na auna kaurin da shi.

Da kasuwa ta zagayo na koma na tarar ya gama. Aiki ne mai kyau, ko ni da nake neman abin kushewa ban samu ba. Kafin ya miƙo mini sai da ya zaunar da ni ya yi mini gargaɗi. Ya ce ya bar ƙugiyoyin da kauri ne da gangan, ya kuma ba su wuta ya shayar da su mai yadda ya kamata, saboda haka kada in taɓa su. In sun ƙi shiga, in dawo masa da su tare da rasor ɗin. Ya ce in kwantar da amortisar a ƙasa, kada kowa ya tsaya ta kanta ko ta gindinta, in riƙa juya notin nan kaɗan in juya wancan kaɗan. Ya ɗauko wata sarƙa ya ɗora mini a kai kyauta, ya ce in zura ta cikin rasor in ɗaure a jikin icce, ko da wani abu ya kuɓuce. Ina ta cewa to, to, amma a raina cewa nake mai ƙera hauya ne zai koya wa wanda ya yi gareji a Abijan aiki. Sarƙar ma a bayan mota na jefa ta, ban sake tunawa da ita ba.

Washegari da hantsi na ɗaga mota, na cire taya, na fito da amortisar da rasor ɗinta. Da na zo sa matsi sai ƙugiyoyin ƙasa suka ƙi shiga, domin a wajen nan zagayen ƙarfen ya yi kusa da juna, abin da karana bai auna ba. Kwana biyu ya rage a ci kasuwar Madawa, kuma na riga na yi wa mutane alkawari. Komawa Ibohamane na nufin in yarda ban iya ba. Sai na shiga cikin gida na sa matata ta hura mini gawayi, na cusa ƙugiyoyin biyu a wuta har suka yi ja, na bubbuge su da guduma bisa dutse, na bi su da magagari ina ci har kaurinsu ya koma rabi. Na sake mai da su wuta, na tsoma su cikin ruwan sanyi, na ji sun yi ƙara, na ɗauka na ƙara musu ƙarfi ne. Daga baya na gane cewa irin wannan tsomawa gautsi take sa wa ƙarfe, ya zama kamar tangaran.

Ina cikin gugar nan wana ya shigo. Shi ne babba a ɗakinmu, manomi, mutum mai haƙuri wanda ya riƙe gida duk shekarun da nake bida. Ya tsaya a kaina yana kallon garin ƙarfen da ke zuba, ya tambaye ni ko maƙerin ne ya ce in yi haka. Ban ko ɗaga kai ba na ce masa i, shi ya ce. Ya ce to bari ya taimaka mini. Muka fita ƙofar gida. Ƙugiyoyin suka shiga yadda nake so, na matse, rasor ya tsuke, raina ya yi fari. Amma da na zo kwance notin sama sai amortisar ta riƙa juyawa a ƙasa. Na ce wa Yaya ya tayar da ita tsaye ya matse ta tsakanin gwiwoyinsa. Ya tsuguna ya rungume ta, fuskarsa daidai kanta. Ni na sa shi a wurin da aka ce kada kowa ya tsaya.

Notin na fita, ban ji komai ba sai wata ƙara kamar harbin bindiga. Kilen ya fizge daga hannuna, na faɗi da baya. Da na ɗago, Yaya na kwance rigingine taku uku daga inda yake, ƙafafunsa na shure ƙasa. Ƙugiya ɗaya ta karye, rasor ya kuɓuce, ya tashi da farantin ƙarfen da ke samansa ya same shi a gefen fuska. Ban san fuskar mutum na iya buɗewa haka ba. Haɓarsa ta goce gefe, haƙora a warwatse cikin ƙasa, wurin idonsa na hagu jini ne kawai ke ɓulɓulowa. Ba ya ihu, wani gurnani yake yi, jini na shaƙe shi. Rasor ɗin kuwa ya wuce ya bugi bangon maƙwabci ya ɓantare ƙasa. Yatsuna biyu sun karye amma ban sani ba sai da na zo tallafar kansa. Innarmu ta fito daga cikin gida, ta gan shi, ta zauna daɓas a ƙasa. Motar da za ta kai shi asibiti ita ce ke tsaye bisa ƙafa uku. A amalanken shanu muka kai shi bakin hanya, ina riƙe da haɓarsa da rawanina, kafin a samu mota zuwa Madawa. Daga can aka wuce da shi babban asibiti, aka cire idon, aka ɗaure masa baki da waya. Likita ya ce zai rayu, amma ba zai yi magana ba sai bayan makonni.

A harabar asibitin ne baffanmu, ƙanen mahaifinmu, ya fito da karyayyar ƙugiyar daga aljihu. Wani ya tsinto ta a ƙofar gida ya ba shi. Ya ɗaga ta a gaban dangi, ya ce wane marar tsoron Allah ne ya ƙera abu siriri haka ya ce a matse ƙarfen mota da shi. Kowa ya juyo yana kallona. Matar Yaya na gefe idonta ya kumbura, ’yan’uwanta maza biyu na tsaye a bayanta. Da na ce ni ne na kankare ta, da magana ta ƙare a nan, da na sha zagi da kunya kawai. Sai na ji bakina yana cewa maƙerin Ibohamane ne, haka ya ba ni ita, har na ce masa ta yi siranta ya ce za ta riƙe. Na san mutum biyu ne suka ga gaskiya: matata, wadda ba za ta tona ni ba, da Yaya, wanda bakinsa ke ɗaure. Na kuma san cewa in maganata ce da ta mutumin nan aka ɗora a gaban danginmu, tawa za a ɗauka, ba don na fi shi gaskiya ba sai don abin da ake ce wa kakanninsa. Na san wannan sarai lokacin da nake magana.

Ranar kasuwar Ibohamane mu shida muka tafi bisa babura uku: ni, ɗan baffana, ’yan’uwan matar Yaya biyu, da wasu samari biyu na unguwarmu. An ce za a je a yi masa magana ne kawai, ni kuma an tafi da ni in nuna shi. Rana ta take, kasuwa ta cika. Yana zaune yana bugun hauya, da ya hango ni sai ya ajiye masaba ya miƙe da fara’a, domin labari bai kai masa ba. Ya tambaye ni ko matsin ya yi aiki, sannan ya ga ɗaurin da ke hannuna, fara’ar ta ɗauke. Ɗan baffana ya jefa masa karyayyar ƙugiyar a ƙafa, ya ce ga aikinsa nan, ya cire wa mutum ido. Maƙerin ya duƙa ya ɗauka. Ya juya ta, ya shafa babban yatsa a kan sawun magagari, ya duba bakin karayar. Sannan ya ɗago ya dube ni, ni kaɗai, ya ce, “Malam, wagga ƙugiya ba haka na ba ka ita ba. Wa ya sa ma ta…” Ban bari ya ƙarasa ba. Akwai awartaki a gefen wutar, na ɗauka da hannun hagu na maka masa a baki da iyakar ƙarfina.

Ni na fara. Wannan ne abin da na fi so masu karatu su riƙe. Ba fushi ya sa na buge shi ba, tsoron ƙarshen maganarsa ne. Ya faɗi bisa kayan ƙirarsa, sauran suka rufe shi da duka, da ƙafa, da ƙotar hauya, da duk abin da hannu ya kai. Yana kare kansa da hannuwa, bai rama ba ko sau ɗaya. Gawayi ya watse, wuta ta kama gefen rigarsa. Ina tsaye ina kallo, awartakin na hannuna. Sai ɗan baffana, wanda Yaya ya rena tun yana ƙarami kuma yake ƙaunarsa kamar uba, ya jawo hannun daman mutumin ya shimfiɗa bisa maƙera, ɗaya daga cikin samarin ya danne, ya ɗauki masaba ya sauke. Sau biyu ya sauke. Na ji ƙarar ƙashi. Mata suka watse da gudu, wani mahauci da masu sayar da icce suka shigo tsakani da sanduna suka raba. Da aka janye mutane, yana kwance a sume, bakinsa a fashe, hannun nan ba ya kama da hannu.

Jandarma suka kwashe mu. Shaidun kasuwa masabar suka fi gani, saboda haka ɗan baffana da wanda ya danne hannun ne aka ɗaure, sauranmu dattawa suka shiga magana aka sake mu bayan ’yan kwanaki. Na dawo gari ana yi mini sannu, ana cewa na tsaya wa ɗan’uwana. Wasu har yaba mini suke yi. Ba na iya cin tuwo. Matata ta daina kallon idona. In ta kawo abinci sai ta ajiye ta juya. Sau ɗaya kawai ta ce mini ita ce ta hura gawayin nan, kuma tana jin kamar da ita aka je kasuwar. Na daka mata tsawa na ce ta rufe bakinta, ta rufe. Motar na nan bisa duwatsu a ƙofar gida, kaji na kwana ƙarƙashinta, na kasa kusantarta.

Bayan kusan wata biyu aka kwance wa Yaya waya aka dawo da shi gida. Ya rame, fuskarsa ta karkace, ya sa rawani ya rufe gefen da babu ido. A asibiti an ɓoye masa abin da ya faru a Ibohamane, sai da ya tambayi ina ɗan baffanmu yake bai zo gaishe shi ba, aka gaya masa. Ranar nan bayan la’asar ya aika a kira ni zaure, ya sallami kowa. Magana na yi masa wuya, kalma-kalma take fita, yawu na zubo masa yana gogewa. Ya ce ya gan ni da magagari, ya tambaye ni, na ce maƙeri ne ya ce. Ya ce kwanciyar da ya yi baki a ɗaure ya yi ta juya abin a ransa, ya gane babu maƙerin da zai ce a yi wa aikinsa haka. Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu. Ya ce, “Idona ni na ba ka shi, kai ƙanena na, na yahe. Amma hannun mutumin nan ba nawa ba na, ba ni iya yahe maka shi.” Ya ce ya ba ni zuwa Juma’a in faɗa da bakina a gaban jama’a, in ban faɗa ba shi zai faɗa, ko da zai kwana yana haɗa kalmomin.

Bayan sallar Juma’a na miƙe kafin mutane su watse. Na faɗi komai, tun daga gawayi har awartaki. Baffana ne ya fara motsi. Tsoho ne, amma ya ratso sahu ya jawo ni waje ta wuyan riga, ya shiga dukana da sandarsa, yana cewa ɗansa na kurkuku saboda ni, ya nakasa bawan Allah saboda ni. Ya fasa mini kai, ya karya mini haƙori, sandar ta tsage ya ci gaba da guntun. Ban kare ba, kuma babu wanda ya riƙe shi sai da numfashinsa ya ƙare ya zauna a ƙasa yana kuka. Har ya rasu bai sake yi mini magana ba. Ɗansa ya fito daga kurkuku ya tafi bida, bai dawo ba har yau. An ce ya ce ba ya iya zama gari ɗaya da ni, kuma ba ya iya bi ta kasuwar Ibohamane.

Da raunin kaina ya kame, Yaya ya raka ni ƙauyen maƙerin. Mun same shi zaune a inuwar rumbu. Hannun daman ya warke a ƙanƙame, yatsu uku ba sa motsi, haƙoransa na gaba babu. Kayan ƙirar na jingine a gefe sun yi tsatsa. Matarsa na daka, da ta gane ni sai ta tsaya da taɓarya a hannu, ba ta ajiye ba har muka tafi. Na durƙusa na faɗa masa abin da ya riga ya sani. Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba da bakinsa ya warke. Ya ce ai ya faɗa. Sau biyu ya gaya wa dattawan da suka zo sulhu cewa an kankare ƙugiyar bayan ta bar hannunsa, ya ce su kai wa kowane maƙeri ya duba, suka ce da shi neman mafita yake yi, gara ma ya gode wa Allah da ba a kai shi ƙara kan ido ba. Wannan magana ta fi sandar baffana ciwo. Maƙerin ya juya ya daɗe yana kallon fuskar Yaya, ya yi masa sannu, ya tambaye shi ko an ɗaura sarƙar da ya bayar. Yaya ya ce bai ga wata sarƙa ba. Na roƙe shi gafara. Ya ce bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba, abin bai sauka a zuciyarsa ba tukuna, kuma ba zai faɗi abin da babu shi a ciki ba don in ji sanyi. Ya ce abin da ya sani shi ne damina na tafe, gonarsa na bayan tudu, hannu ɗaya kuwa ba ya riƙe hauya.

Damina huɗu ke nan ina noma masa gonar nan kafin in taɓa tawa. Na sayar da motar yadda take ga wani mai gareji, ya zo da kayan aikinsa na gaskiya ya haɗa ta cikin sa’a guda ya tafi da ita. Maƙerin kan zo gona ya zauna gindin icce, ya nuna mini da hannun hagu inda na bar ciyawa. Wani lokaci mukan sha fura a ƙwarya ɗaya, har ya yi mini hirar ƙarfe, yadda ake gane zafinsa daga launinsa. Amma kalmar da nake jira bai faɗe ta ba, ni ma ban sake tambaya ba. Yaya yana noma da ido ɗaya, tuwo sai an yi masa ruwa-ruwa, kuma bai taɓa tayar mini da zancen ba, abin da ya sa kullum na gan shi nake tunawa.

Ga masu son gyaran motarsu a gida, ban ce kada ku yi ba. Amma rasor ba abin gwaji ba ne. In ba ku da matsi na ƙwarai, ku kai wa mai shi, babu wanda kunyar wannan ta taɓa kashewa. In an ƙera muku, kada ku rage masa kauri, kada ku mai da shi wuta, ku ɗaure da sarƙa, kada kuma ku sa fuskar kowa a bakinsa, balle ta wanda ya zo taimakonku don ya yarda da ku. Wannan shi ne gargaɗi mai sauƙi. Mai wuyar shi ne na biyu. Haɗarin da ya cire idon wana ganganci ne da girman kai, kuma cikin ƙiftawar ido ya faru. Abin da ya faru a kasuwa kuwa na samu kwanaki da zan iya hana shi, kowace safiya ina da dama, ina zaɓar in yi shiru, domin na ga akwai wanda za a fi saurin yarda da laifinsa. In kun yi kuskure ya taɓa wani, ku faɗa tun jinin bai bushe ba, da bakinku, kafin dangi su fara neman wanda za su huce a kansa. Ku kuma masu zuwa rama wa ɗan’uwa, ku tsaya ku saurari wanda kuka je duka, ko da ɗan gidanku ne ya nuna muku shi. Wanda ya karanta wannan ya sa mu a addu’a, mu da abin ya shafa. In addu’ar ta mutum ɗaya ce, a yi wa maƙerin.